Kamaru: Ƙarin Girma Na Kan Takarda, Haƙƙin Ma'aikaci Na Maƙale A Yawunde

Duk ɗan kasuwar da ke da shago a Garwa ko Marwa ko Ngaundare yana da wani littafi da yake ɓoyewa a ƙarƙashin teburinsa, wato littafin bashin ma'aikatan gwamnati. Malamin makaranta zai ɗauki buhun shinkafa, ma'aikacin asibiti ya ɗauki turmin atamfa na Sallah, kowannensu kuma maganarsa guda ce, a yi masa haƙuri har kuɗin ƙarin girmansa su fito. Tambayar da ya kamata mai shago ya yi ita ce, me ya sa kuɗin da doka ta ce haƙƙin mutum ne suke shafe shekaru ba su fito ba?

Idan aka duba dokar kanta, babu abin zargi a cikinta. Dokar aikin gwamnati ta Kamaru, wadda Shugaba Paul Biya ya sa wa hannu a watan Oktoban 1994, ta kasa ma'aikata gida huɗu, A da B da C da D, gwargwadon takardar ilmin da mutum ya shiga aiki da ita. A cikin kowane gida akwai matakai, kuma ma'aikacin da ba a same shi da wani laifi ba ana sa ran zai hau mataki guda duk bayan shekara biyu, albashinsa ya ƙaru daidai da haka. Wanda yake son tsallakawa zuwa gida na sama kuwa sai ya zauna jarrabawa ko ya ƙaro karatu.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ranar da mutum ya cancanci hawa mataki da ranar da kuɗin za su shiga aljihunsa. Shekara da shekaru, fayil ɗin ma'aikaci sai ya tashi daga inda yake aiki, ya bi ofis-ofis har Yawunde, a sa hannu a ma'aikatarsa, a shigar da shi kwamfutar da ke lura da matsayin ma'aikata, sannan a kai shi wata kwamfutar daban ta ma'aikatar kuɗi wadda ke biyan albashi. A kowace gaɓa fayil na iya kwanciya. Wanda ke aiki a Yawunde yana iya leƙawa ofis kullum har a gaji da ganinsa a sallame shi. Wanda aka tura ƙauyen bakin iyaka a jihar Arewa Mai Nisa kuwa, sai ya shiga mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ga kuɗin masauki, ga na goron masu jawo fayil. Mutum biyu da suka fara aiki rana guda, sai ka tarar ɗaya ya wuce ɗaya da mataki biyu a wajen albashi, alhali ba ƙwazo ya fi shi ba, kusanci da birni ne kawai da sanin manya.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ne ya haifar da yajin aikin malaman sakandare wanda ya fara ranar 21 ga Fabrairun 2022, a ƙarƙashin wata tafiya da suka kira OTS, ma'ana haƙurinsu ya kai maƙura. Malaman suna zuwa makaranta amma ba su taɓa alli. Ba sabon albashi suka fara nema ba, tsohon haƙƙinsu ne. Wasu sun fito daga kwalejin horon malamai ana biyansu kashi biyu cikin uku na albashi har shekaru, ana cewa ba a gama shigar da su aiki ba. Wasu an ƙara musu girma a takarda amma albashi bai motsa ba. Bashin da aka ƙiyasta malamai na bin gwamnati a lokacin ya haura sefa biliyan 180.

Abin da ya fi taɓa zuciyar jama'a shi ne labarin wani malamin motsa jiki a garin Beka da ke yankin Faro, dab da iyakar jihar Adamawa ta Nijeriya. Bawan Allahn nan ya kusa shekara goma yana koyarwa ba albashi domin takardunsa ba su kammala ba. Da hayaniya ta tashi, cikin 'yan kwanaki aka daidaita masa komai, amma a watan Maris na 2022 rai ya yi halinsa, bai ci moriyar abin ba. Saurin da aka yi a ƙarshe ya nuna cewa aikin bai gagara ba tun farko, wanda zai tsaya masa ne babu.

A cikin watan nan na Maris Shugaba Biya ya ba da umurnin a fara biyan basussukan kashi-kashi, amma da aka koma makaranta a 2023 malamai sun sake ajiye alli, suna cewa alkawarin bai cika ba. A farkon 2025 gwamnati ta ƙaddamar da sabon tsarin kwamfuta mai suna AIGLES wanda ya haɗe lissafin matsayi da na albashi wuri guda, da nufin mataki ya riƙa hawa da kansa ba sai an bi fayil ba. Wannan ci gaba ne, amma kwamfuta matakin shekara biyu kawai take iya gyarawa. Naɗin muƙami, kamar shugaban makaranta ko darakta ko shugaban ofishi, yana nan a hannun minista da shugaban ƙasa, kuma nan ne ubangida ke tasiri.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Da farko, ma'aikaci shi ne babban mai saye a garuruwan da ba masana'antu. Dattawan kasuwa ba su manta 1993 ba, shekarar da aka zaftare albashi har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ciniki ya mutu murus. Duk sefar da ta maƙale a Yawunde, ta mai shinkafa ce da mai atamfa da fataken Mubi da Banki da ke kawo musu kaya. Na biyu, ma'aikacin da ya saba sai ya ba da na goro kafin ya sami haƙƙinsa, da wuya ya ga aibin karɓar na goro daga wanda ya zo tebur ɗinsa neman takardar shago ko ta kaya. Wannan ba uzuri ba ne ga mai cin hanci, amma ruwa ba ya tsami banza.

Mu ma a nan gida ba mu tsira ba. A 2009 gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙayyade wa daraktoci shekara takwas a kan kujera domin na ƙasa su sami hanyar hawa, aka dakatar da dokar a 2016, aka dawo da ita a 2023. Dokar da ke canjawa da canjin gwamnati ba ta bai wa ma'aikaci natsuwa.

Shawara ga mai shago ita ce, idan ma'aikaci ya zo neman bashi da takardar ƙarin girma a hannu, a duba albashin da ke shigo masa yanzu, a ba shi daidai abin da zai iya biya daga ciki. Su kuma hukumomin Kamaru, za a san gyaransu ya kama ne ranar da malamin Beka da na Yawunde za su ga ƙarinsu a wata guda, ba tare da wani ya shiga jirgin ƙasa ba. Allah Ya sa mu ga wannan rana.