Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Fara Shirin Hawa Jirgin Ƙasa Zuwa Maraɗi



Maganar tafiyar jirgin ƙasa zuwa ƙetare ta raba kan mambobinmu gida biyu. Matasa sun ga bidiyon Turai, inda mutum ke yankar tikiti ɗaya ya ratsa ƙasashe da shi, suna son ƙungiya ta shirya irin wannan tafiya. Dattawa kuma na cewa garin da bai taɓa jin kukan jirgi ba, me ya haɗa shi da tikiti? Ra'ayinmu shi ne a yi tafiyar, a nufi Maraɗi, kuma a fara shiri tun yanzu.

Mu fara da abin da matasa suka gani. Tikitin gaskiya ne. Interrail na mazauna Turai ne, tun 1972 ake sayar da shi, Eurail kuma na baƙi irinmu, yana aiki a ƙasashe 33. Kwanaki mutum yake saya, misali kwana 7 a cikin wata ɗaya, duk ranar da ya hau jirgi an cinye kwana guda. Jiragen gudu na Faransa da Italiya da Sifaniya sai an ƙara kuɗin kama kujera. Kuma tikitin ba ya zama biza. Wanda ya saya bai tsara garuruwansa da ranakunsa ba, ya biya kuɗin tafiyar da ba zai yi ba.

Mu a nan ba mu da irinsa. Abin da ke tafe mana shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ɗora harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Nijar. Idan ya kammala, shi ne jirgin farko da zai fita da ɗan Nijeriya daga ƙasarsa zuwa wata.

Dattawa suna da hujja. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 ba a shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo a cikinta ba. Tsohon layin gabas da ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gwambe ya bi, ya bar mu a gefe. Duk mai son hawa jirgi daga Jalingo sai ya yi wuni a mota tukuna. Sai dai kuma motar nan muna shiga dama, da jirgi ko babu. Wanda ya ga halin da fatake suka shiga bayan karyewar gadar Namnai a hanyar Wukari a 2024 ya san illar dogaro da hanya ɗaya. Kasuwar Maraɗi tana da aya da wake da albasa da jar akuya, mu kuma muna da doya da manja da shayin Mambila. Ranar da jirgi ya fara tashi, 'yan Kano da Katsina suna bakin tasha. Idan sai a ranar za mu fara neman takarda, za mu tarar an riga an ƙulla ciniki.

Ga abin da muke ganin ya kamata a yi.

Na farko, takardu. Kowa ya tabbatar da lambarsa ta NIN, domin tun da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya dawo aiki a Disambar 2022, bayan harin 28 ga Maris na wannan shekarar, ake neman ta wurin sayen tikiti. A yi fasfo, a yi katin rigakafin shawara. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023. Kada kowa ya ce ai gida ne, zai wuce da gaisuwa.

Na biyu, gwaji a gida. Yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Mu tura mutum biyar ko shida su hau daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, su koyi sayen tikiti ta waya, su ga yawan kayan da ake bari fasinja ya shiga da shi, su dawo su faɗa mana. Jirgi ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya jira Alhaji ya gama ciniki.

Na uku, kuɗi. A buɗe adashen tafiya daban, kada kowa ya taɓa jarinsa. A rubuta kuɗin mota zuwa Kano, da masauki, da abinci, da canjin naira zuwa sefa, a ajiye na ko-ta-kwana. Tafiyar farko ta ganin hanya ce da sanin mutane, sarin kaya sai a ta biyu.

Na huɗu, murya. Mu haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na sauran jihohi mu rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, mu nemi tikitin wata ko na wata uku ga fatake, wanda zai yi aiki har Maraɗi. Turawa ma zama suka yi suka tsara nasu. A takardar kuma mu tuna wa wakilanmu a majalisa cewa Taraba na jiran nata dogon.

Mai sha'awar shiga tawagar gwaji ya ba da sunansa a ofishin ƙungiya kafin taron wata mai zuwa. Iyayenmu mata masu sarin kaya, ku ma da ku ake yi. Mai ja da wannan ra'ayi kuma ya zo taron ya faɗi nasa, za a saurare shi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana hanya.

Sakataren Ƙungiya