Mako biyu bayan Sallah: Kuɗin dawowa Legas ya fi na tafiya gida muhimmanci

Duk wanda ya tsaya a tashar Ojota kwana goma bayan Sallah zai gane waɗanda suka dawo daga Arewa ba tare da an nuna masa su ba. Sabuwar shadda ce a jikinsu, amma ta sha ƙura tun daga Jebba da Mokwa, ga buhun tsaraba a kafaɗa: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, ɗan kilishi. Abin da ba ya bayyana a ido shi ne aljihu, wanda galibi ya dawo fayau.

Muna yawan magana kan wahalar tafiya gida, musamman tun 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Ni kuwa a ganina tafiyar ba ita ce jarrabawar ba. Mai tafiya gida yana da ɗoki, ɗoki kuma yana rage nisan kusan kilomita 1,000 da ke tsakanin Legas da Kano. Mai dawowa ba shi da wannan rangwame. A gida ya saba da barcin bayan Asuba, da tuwon da aka kawo masa har ɗaki, da yaran unguwa suna zuwa gaishe shi ana ce masa Alhaji. Washegarin saukarsa kuwa sai ya tashi ƙarfe huɗu, ya bi cunkoson titin Ikorodu, ya je kasuwar Mile 12 ya tarar farashin kwandon tumatir ya canza, dillalin da yake ba shi bashi kuma yana jiran cikon na baya.

Legas ba ta ajiye wa kowa gurbinsa. Mai shayin da ya rufe teburinsa mako uku zai iya dawowa ya samu wani ya kafa nasa a kusurwar, masu sayen kuma sun saba da hannun sabon. Mai gadi ya tarar an ɗauki wani. Shi ma ɗan acaɓa, tun da gwamnatin jihar ta faɗaɗa haramcin sana'ar zuwa ƙaramar hukumar Kosofe, inda Ojota take, a watan Satumba na 2022, ba shi da tabbacin abin da zai dawo ya tarar. Mai gidan haya kuwa bai san Hawan Daushe ba, lissafin shekararsa kawai ya sani.

A nan ne nake ganin laifinmu, kuma laifin kashi biyu ne. Na farko na matafiyin ne, wanda yake ɗaukar jari ya mayar da shi kayan kece raini. Ya yi wata goma sha ɗaya yana kwana su shida a ɗaki ɗaya, sannan ya je ƙauye ya raba kuɗi kamar wanda ya tsinto su, don kada a ce wane ya je Ikko ya dawo hannu rabbana. Na biyu na 'yan uwa ne, waɗanda suka ɗauka duk wanda ya ƙetare Kwara ya haɗu da arziki. Ba wanda yake tambayarsa ko ya bar na abinci a can. Zumunci ibada ne, ban musa ba, kuma ba zan ce wa kowa ya yi Sallah nesa da mahaifiyarsa ba. Amma zumuncin da zai sa mutum ya dawo ya ci bashin kuɗin ɗanfo, shekara mai zuwa ba shi da abin da zai kai.

Kakanninmu da suka kafa Zangon Agege a kan cinikin goro da tashar jirgin ƙasa sun fi mu sanin wannan. Bafatake ba ya taɓa uwar kuɗi. Riba yake kaiwa gida, sauran ya bar wa maigidan da ya sauke shi amana. Wannan tsari bai gagare mu ba. Muna da adashi, muna da ƙungiyoyin kasuwa, muna da fadar Sarkin Hausawa a kusan kowace unguwa. Me zai hana a ware kwasa ɗaya ta adashi wadda ba a ɗauka sai mako guda bayan Sallah? Me zai hana mai tebur ya bar yaro amintacce a wurinsa, ko da rabin ciniki ne, maimakon ya ɗaure da leda ya tafi?

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba: yaran da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, waɗanda ake kai su "gida" su ga dangi. Su a wurinsu dawowa Legas ita ce komawa gida. Suna sauka daga mota bakinsu ya koma Yarbanci, uban kuwa yana tsaye a bakin titi yana lissafin abin da ya rage masa kafin ƙarshen wata.