RA'AYINMU: Wayar Hannunka Shaida Ce, Kada Ka Ɓata Ta da Ƙarya

Jama'ar Mokolo, Koza, Mozogo, Turu, Mogode, Hina da Burha, da 'yan uwanmu na Marwa da Garwa, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa.

Zaɓe ya ƙarato, kuma a yau rabin kamfe a cikin waya ake yinsa. Saƙon murya a WhatsApp yakan riga motar kamfe isa ƙauye. Hoton da aka saka a Facebook da safe, kafin azahar ya ƙetare iyaka ya kai Mubi da Madagali. Don haka muka ga ya dace mu faɗa muku matsayinmu a fili. Waya ita ce shaidar talaka, kuma masu mulki na tsoronta. Amma shaidar da aka kama da ƙarya sau ɗaya, ba a ƙara saurarenta. Wanda ya yaɗa ƙarya, ko da don goyon bayanmu ya yi, jam'iyya mai mulki ya yi wa aiki.

Mu mutanen Mayo-Tsanaga ba ma buƙatar a kawo mana misali daga Amurka ko Faransa. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a duniya. An ga mutane cikin kakin soja suna tafe da mata biyu da yara biyu, ɗaya goye a baya, suka rufe musu ido, suka harbe su. Gwamnati ta fito ta ce labarin ƙarya ne, wasu ma suka ce a Mali aka ɗauka. Sai masu bincike, ciki har da sashen Africa Eye na BBC, suka gwada tsaunukan da ke cikin bidiyon da hotunan tauraron ɗan Adam, suka nuna cewa a kusa da Zelevet abin ya faru, a nan yankinmu, tun a 2015. An kama sojoji bakwai. A watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta yanke wa huɗu ɗaurin shekara 10, ɗaya kuma shekara 2.

Ba muna faɗin wannan don mu ci mutuncin soja ba ne. Sojoji da 'yan banga da yawa sun rasa rayukansu suna kare garuruwanmu daga Boko Haram, Allah ya ji ƙansu. Abin da muke so ku lura shi ne: shekara uku aka yi ba wanda ya tambayi jinin matan nan. Da babu waya, da har yau shiru ne. Gani ya kori ji, kuma a wannan karon ganin ne ya tilasta wa hukuma ta janye maganarta.

Amfanin bai tsaya ga manyan al'amura ba. Manomin albasa a Koza yana tambayar farashin Marwa da Garwa kafin ya sallama wa dillali. Mai dankali da waken soya yana tura hoton kaya kafin kasuwar Laraba ta Mokolo ta ci. Yaron da ke acaɓa a Duwala yana turo wa uwarsa kuɗin magani ta Orange Money ko MTN, ya kuma ga fuskarta a waya. Iyalan da yaƙi ya raba, wasu a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, wasu a Maiduguri ko Yola, da yawa ta waya suke jin labarin juna. Tsohon da bai yi boko ba yana danna waya ya yi magana da Hausa, Fulfulde, Mafa ko Kapsiki, a ji shi ba tare da tafinta ba.

To yaya gwamnatin da ke kan mulki tun 6 ga Nuwamban 1982 ta karɓi wannan ci gaba? A Nuwamban 2016 shugaban Majalisar Dokoki, Cavayé Yéguié Djibril, ɗan wannan jiha tamu, ya kira kafofin sada zumunta wani sabon salon ta'addanci. Wata biyu bayan haka, ranar 17 ga Janairun 2017, aka yanke intanet a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, ba a mayar ba sai 20 ga Afrilu. Wata uku cur, ɗalibai da 'yan kasuwa a Bamenda da Buya suna asara, kuma rikicin da aka ce ana so a kashe sai ƙara ruruwa ya yi. A 2016 ɗin nan dai kotun soja ta ɗaure wasu samari uku shekara 10 saboda saƙon barkwanci game da Boko Haram da suka tura wa juna. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI wanda muka saba jin muryarsa, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, bai fito ba sai Disamban 2017. Idan aka toshe bakin ɗan jarida, jita-jita ce ke cike gurbinsa. Gwamnatin da ke kukan jita-jita ita ta share mata fili.

Sai dai laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, namu ma yana nan. Kowa ya san irin saƙon da ake turowa da dare: wata murya da ba a san mai ita ba tana cewa "sun taso, gobe za su shigo gari." Mata su kwashi yara su kwana a dutse, gona ta zauna ba girbi, kasuwa ta watse, daga baya a gane ba komai. Mafi muni shi ne ranar da gargaɗin gaskiya zai zo, mutane sun gaji da firgita, ba za su motsa ba. Akwai masu ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa su ce a Mozogo ne. Akwai masu kiran mutum su ce ya ci kyauta, ya turo lambar sirrinsa, su kwashe kuɗin da ya tara na taki. Akwai masu yaɗa hoton 'yar mutane don a kashe mata aure. Akwai yaranmu da ke raba dare a TikTok, gari ya waye suna gyangyaɗi a aji.

Wadda ta fi ba mu tsoro a lokacin zaɓe ita ce maganar ƙabila da addini. A Mokolo, Mafa da Fulani da Hausa da Kapsiki da Mufu, Musulmi da Kirista da masu bin al'ada, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke layi. Mun ga abin da ya faru a Logone-Birni da Kuseri a 2021, inda faɗan ruwa tsakanin makiyaya da masunta ya ci rayuka, ya kori dubban mutane zuwa Cadi. Ƙasar da ta bushe haka, ɗan tartsatsi ya ishe ta. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, domin kana iya goge ta a wayarka alhali tana cikin wayoyi dubu.

Ku kuma sani akwai doka. Dokar laifukan intanet ta Disamban 2010 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba. A Disamban 2019 an ƙara wata a kan cin mutuncin ƙabila. Mun san a kan wa aka fi zare wannan bulala. Kada ka ba su hujja da hannunka.

Ga abin da muke roƙon kowane magoyin bayanmu. Kafin ka tura saƙo, tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, yaushe. In na tsaro ne, kira wani da ka sani a garin, ko lawani, ko 'yan banga, kafin ka tayar da hankalin jama'a. In ka ga zagin ƙabila ko addini a zauren da kake, tsawata, ko da ɗan jam'iyyarmu ne ya rubuta. Soki ɗan takara a kan hanyar Mokolo zuwa Mogode, a kan ruwan sha, a kan malaman da iyaye ke biya daga aljihunsu. Bar uwarsa da matarsa da addininsa.

Ranar zaɓe kuma wayarka tana da babban aiki. A bainar jama'a ake ƙirga ƙuri'a a kowace rumfa, kuma wakilin kowace jam'iyya yana da haƙƙin karɓar kwafin takardar sakamako, wadda ake kira PV. Ku tsaya lafiya lau har a gama ƙirga. Wakilinmu ya ɗauki hoton takardar yadda sunan rumfa da lambobi da sa hannu za su fito sarai, ya tura wa ofishin jam'iyya nan take. Kada kowa ya ƙara ko da ƙuri'a ɗaya, kada kowa ya ƙirƙiro sakamako. Takarda ɗaya ta jabu ta isa a yi watsi da ɗari na gaskiya a gaban alƙali. Wanda kuma ya ce ka nuna masa shaidar wanda ka zaɓa ya biya ka, shekarun 'ya'yanka yake son saye da kuɗin cefanen yini ɗaya.

Namu alkawarin shi ne wakilanmu za su tsaya a kan a sake duba dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, a daina kai farar hula kotun soja saboda magana, a kuma hana kowace gwamnati yanke wa jiha guda intanet don ta yi ƙorafi. Ku riƙe wannan takarda, ku tuhume mu da ita in mun saɓa.

A ƙarshe, ELECAM ba ta ƙirga yawan masu bin ɗan takara a Facebook, ƙuri'ar da ta faɗa akwati take ƙirgawa. In ka kai shekara 20 kuma ka yi rajista, je ka karɓi katin zaɓenka tun yanzu, ka tabbatar da rumfarka. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda da harshen da yake ji, ka raka tsohuwarka rumfa ranar zaɓe.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.