Hoton da ke Bango a Tehran da Amanar Jakada

A ranar 17 ga Yuni, 2023, Ministan Harkokin Wajen Saudiyya, Yarima Faisal bin Farhan, ya sauka a Tehran, bayan ƙasashen biyu sun shafe shekara bakwai ba sa ga-maciji da juna. Sanadin rabuwar shi ne afka wa ofishin jakadancin Saudiyya a Tehran da ƙaramin ofishinta na Mashhad da masu zanga-zanga suka yi a Janairun 2016, bayan an zartar wa Shaikh Nimr al-Nimr hukuncin kisa. A wannan shekarar maniyyata daga Iran ba su sami zuwa Hajji ba.

Ziyarar ba da ka aka yi ta ba. Iraƙi da Oman sun daɗe suna shiga tsakani, an sa hannu kan yarjejeniya a Beijing ranar 10 ga Maris, an kuma tura wakilai su duba gine-ginen jakadanci tun kafin ministan ya taso. Duk da haka, sai da aka sauya zauren ganawa da 'yan jarida a ƙurarren lokaci, saboda hoton Janar Ƙasim Sulaimani da ke rataye a bango. Wasu sun mai da abin raha. Mu kuwa muna ganin sakaci ne na masu tsara ziyarar, domin wanda ya karɓi baƙo ya ɗauki amanar ransa da ta mutuncinsa baki ɗaya.

Ɗalibanmu na Sira sun san asalin wannan. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Ƙuraishawa sun soke raƙumin Khirash bin Umayya, jakadan farko, da ƙyar ya tsira. Da Annabi (SAW) ya nemi Sayyidina Umar ya tafi, sai ya ba da uzurin cewa ba shi da dangin da za su kāre shi a Makka, ya ba da shawarar a tura Sayyidina Usman. Aban bin Sa'id ne ya ba Usman mafaka har ya isar da saƙo. Ba tsoro ne ya sa aka yi wannan lissafi ba: jita-jitar kashe Usman kaɗai ta sa sahabbai yin mubaya'a a ƙarƙashin bishiya, saura ƙiris a gwabza.

Da taron Tehran ya watse saboda hoto, mabukata ziyarar Ɗakin Allah ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Ko da aka daidaita ɗin ma, sai a Afrilun 2024 Iraniyawa suka koma yin Umara, bayan shekara tara.