Zoza: Wa Zai Riƙe Mana Sunayen Kakanninmu?

Makon jiya na je ta'aziyya Zoza, a Ƙaramar Hukumar Rogo. Wanda ya rasu dattijo ne, ba basarake ba, ba attajiri ba. Bayan addu'a sai na ji wani magidanci yana cewa, “Yanzu kuma wa za mu tambaya?” Ashe marigayin ne ake nema idan rikicin iyakar gona ya taso, ko ana son sanin yadda gida kaza ya haɗa kaka da gida kaza. An binne shi da dukan abin da ya sani, ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

A Ingila, tun 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace majami'a ta ajiye littafin da za a riƙa shigar da baftisma da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta soma nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Shi ya sa jikan manomi daga ƙauyen da bai kai Zoza yawan jama'a ba yake iya bin salsalarsa ɗaruruwan shekaru baya. Ba don kakanninsa sun fi namu daraja ba, sai don an ɗora wa wani nauyin rubutawa.

Mu ma ba baƙin alƙalami ba ne. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Amma tarihin fada ne, talaka ba shi da shafi a ciki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun ƙidaya magidanta da shanu, domin haraji da jangali ne damuwarsu. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin a 1979 talaka ya huta, sai dai dalilin da ke sa dagaci ya jera sunayen magidantansa duk shekara shi ma ya tafi.

Abin da ya rage mana shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffi, da bakin maroƙa, da ɗan abin da malamai suka rubuta da ajami a bangon littattafansu, wanda gara da yoyon damina ke ci a hankali.

Wanda ke shakkar amfanin rubuta labarin talaka ya dubi Zarewa, cikin wannan ƙasa ta Rogo. A Karo, kusa da ita, wata mata mai suna Baba ta tashi. Da ta tsufa, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ta faɗi yadda kakanninta suka zo daga Barno, da wa ya auri wa, da yadda mahara ke kama mutane kafin zuwan Turawa. Yau ana karanta Baba a jami'o'in duniya. Tsararrakinta na Zoza ba su gaza ta sani ba, mai zama ya rubuta ne ba su samu ba.

Kada a ɗauka wannan sha'awar 'yan boko ce kawai. Rabon gado a shari'a yana tsayawa ne kan sanin nasaba, kuma wanda ya taɓa zama a kotu ya ga yadda gonar kaka ke raba zumunci idan shaidu sun ƙare. Yaro mai neman takardar shaidar asali ko ta haihuwa yakan ƙare da rantsuwa kan shekarun da aka ƙiyasta masa daga farin 1973 ko wani abu makamancinsa. Haka nan shayarwa tana haramta aure, amma sanin wa ta shayar da wa yana hannun tsofaffin mata kaɗai.

Maganin ba ya bukatar kwangila. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana iya umartar kowane dagaci ya ajiye littafi mai kauri ɗaya. Limamin da ya raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, shi ne shaida na farko, sai ya ba da sunaye da kwanan wata, malamin firamare ya rubuta. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a fada, a kuma miƙa na haihuwa ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su zo hutu da wayoyinsu su naɗi muryar dattawa, maza da mata.

Kafin hukuma ta motsa, mai karatu, idan kana da tsoho a gida, sayi littafin rubutu yau ka zauna gabansa bayan la'asar. Tambaye shi sunan kakan kakanka, da inda ya taso, da abin da ya kawo shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan.