Faifan da Aka Kulle wa Mai Shi

Bayan rasuwar yayana, Allah Ya jiƙansa, abin da ya faɗo hannuna daga kayan ɗakinsa shi ne kwali guda na faya-fayan CD da ya tara lokacin da yake karatu a Ingila, tsakanin 2002 da 2006. Babu wanda ya yi jayayya da ni a kansu, domin a gidan duka babu sauran mai kunna faifai. Na ƙudura in juye su cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su. Na ɗauka aikin Asabar ɗaya ne, sai ga shi ya cinye mini hutun zango, kuma faifai uku kacal ne suka jawo haka.

A mota duka ukun suna yi lafiya lau. A kwamfuta kuwa, na farko ko alamarsa ba ta gani. Na biyu ya buɗo wata 'yar manhaja tasa ya ɓoye ainihin waƙoƙin. Na uku ya juyu, amma da ƙas-ƙas a cikin sautin kamar ana taka busasshen ganye. Sai da na sa tabarau na ga ɗan rubutu a bayan kwalinsu cewa an kare su daga kwafa.

Mai karatu zai so sanin asalin abin. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa'idar faifan sauti a 1980, kuma babu kulle a cikinta. Da Napster ta bayyana a 1999 waƙoƙi suka fara yawo kyauta a intanet, sai manyan kamfanonin kiɗa suka shiga ɓata faya-fayansu da gangan, da dabaru irin su Cactus Data Shield da key2audio. Wani lokaci a dasa jadawalin ƙarya a bakin faifan, wanda rediyon mota ba ya dubawa amma kwamfuta ta karanta ta rikice. Wani lokaci a cusa kurakurai a cikin sautin kansa. Philips ta fito ta ce irin waɗannan ba su cancanci tambarin CD ba. A 2002 aka gano cewa layi ɗaya na baƙar maka a gefen faifai na iya rufe jadawalin ƙaryar. A 2003 wani ɗalibin Jami'ar Princeton, Alex Halderman, ya nuna cewa danne maɓallin Shift yayin saka faifai ya isa ya hana wani kullen aiki. Abin ya kai maƙura a ƙarshen Oktoban 2005, lokacin da Mark Russinovich ya tona cewa wasu faya-fayan Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar mai saye, wadda ke buɗe wa masu kutse ƙofa. Aka janye faya-fayan, aka yi ta shari'a, kuma cikin 'yan shekaru dabarar ta mutu. Ɓarawon zaune bai taɓa jin ta a jikinsa ba. Wanda ya biya kuɗinsa, irin yayana, shi aka bar wa faifai mai naƙasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darasin da faifai na uku ya koya mini: juyewa daban, juyewa daidai daban. Faifan sauti yana ɗauke da awon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa a kowane ɓangare, hagu da dama. Idan na'ura ta ci karo da karce ko kuskuren da ta kasa gyarawa, ba ta tsayawa ta faɗa. Sai ta kintaci abin da ya ɓace daga na gaba da na baya, ta cike gurbin ta wuce. Kunne ba ya kamawa, amma abin da ya shiga kwamfuta ba shi ne abin da mawaƙin ya bari ba.

Nan ne manhaja irin Exact Audio Copy, wadda Bajamushe Andre Wiethoff ya fitar a 1998, ta yi mini rana. Tana karanta kowane yanki fiye da sau ɗaya, ta gwama; in sun saɓa ta yi ta maimaitawa, in abin ya gagara ta rubuta daidai wurin da take shakka. Akwai tarko ɗaya: wasu na'urorin suna riƙe abin da suka karanta a ɗan rumbunsu na wucin gadi, in an sake tambaya su maido da shi ba tare da sun koma kan faifan ba, kamar ɗalibin da aka ce ya sake lissafi ya kwafo amsarsa ta farko. Dole a umarci manhajar ta riƙa share rumbun. Bayan haka sai AccurateRip, taskar da ke gwada sakamakonka da na wasu mutane da suka juye irin faifan a wasu na'urori. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya ga ana muƙabalar littafin da aka kwafa da hannu, ɗaya na karantawa ɗaya na bin asali da yatsa, ya san wannan aikin.

Faifai biyu sun miƙa wuya bayan na aro tsohuwar na'urar karanta faifai daga wani abokin aiki; na'urori sun bambanta ƙwarai a wannan fage. Na adana su a tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai, saɓanin MP3. Na ukun, mai kurakuran ganganci, ya kwana yana juyi, kuma har yau waƙa biyu a cikinsa suna da alamar shakka.

Ban manta da doka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yi magana a kan keta irin waɗannan kulle-kulle, kuma ni ba na goyon bayan a juye aikin mutum a baza a waya ba da izininsa ba; mawaƙanmu sun sha wannan azabar fiye da kowa. Sai dai ina ganin ya kamata masu doka su bambanta mai fashi da mai ceton abin da ya saya.

A ƙasan kwalin kuma na tarar da faya-fayan Shata da Ɗanƙwairo guda goma sha ɗaya, irin na kasuwa da ake ƙonawa a shago. Su babu wanda ya kulle su, amma fentin da ke riƙe sautinsu yana lalacewa da zafi da haske, biyu ma sun riga sun daina karantuwa. Da na gwada sauran a AccurateRip, ko ɗaya ba ta sani ba. Babu wanda ya taɓa kai shaidarsu can. Na juye kowanne sau biyu a na'urori biyu, na gwama da kaina, na ajiye kwafi ɗaya a ofis ɗaya a gida.