Kwaikwayon da ba sata ba

Yau ba ci-gaban littafi na kawo muku ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma tun daga ƙasashen Turawa na ɗauko ta.

Akwai wani mutum-mutumi a cikin fim ɗin Star Wars da ya fara fitowa a 1977, sunansa R2-D2. Gajere ne, tsawonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, jikinsa kamar ganga, kansa kamar an kifa ƙwarya, ba ya magana sai fito. A wasu wuraren fim ɗin ma mutum ne a cikinsa, wani wada ɗan Ingila mai suna Kenny Baker. To wai wannan abin ne magidanta da furfurarsu suke shiga garejin gidajensu su rufe ƙofa suna ƙera irinsa, wani ya shekara, wani ya fi. Har ƙungiya gare su, wadda wani ɗan Ostireliya, Dave Everett, ya kafa a 1999.

Mai kuɗi da alminiyam yake yin nasa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa falle-fallen roba yake saye, ya shimfiɗa zanen awo a kai, ya bi layi da wuƙa yana tsagawa, sannan ya lanƙwasa ta ɓalle. Gam ɗin da suke sawa narkar da bakin robar yake yi, guda biyu su zama ɗaya, saboda haka in ka manna a karkace sai dai ka sake yanko wani. Zobe-zobe za a fara haɗawa su zama ƙashin jiki, a naɗe da falle mai laushi, a yi ta gugar samfefa kafin a zo fenti. A ƙafafun gefe biyu ake ɓoye injin babur ɗin yara mai aiki da batir, ta tsakiya taya ce kawai, wani ƙaramin inji kuma yana juya kan. Mai shi yana gefe da rimot, abu yana yawo yana fito.

Na san abin da wani zai ce: aikin banza, katon mutum da wasan yara, kuma ba shi ya ƙirƙira ba, kwafa ya yi. Maganar wasan yara ban damu da ita ba, kowa da abin da ke ɗebe masa kewa. Ta kwaikwayon ce ta taɓa ni, don mu marubutan da aka laƙaba wa "adabin kasuwar Kano" mun sha ta har ta ishe mu, kullum wai finafinan Indiya muke juyewa.

Ni a ganina kwaikwayo iri biyu ne. Akwai wanda zai ɗauki gumin wani ya goge suna ya sa nasa ya kai kasuwa. Wannan ɓarawo ne, kuma muna da irinsu, ba na kare su. Akwai kuma wanda zai ce ga abin da ya burge ni, ga mai shi, bari in warware shi in ga yadda aka ɗinka. Mutanen garejin nan ba su taɓa cewa su suka ƙago R2-D2 ba, kuma ƙa'idarsu ba a ƙera shi don ciniki, shi ya sa kamfanin Lucasfilm bai sa musu ƙafa ba. Amma wanda ya gama guda ɗaya ya iya awo, ya iya fenti, ya iya haɗa waya da batir, abin da bai sani ba ranar da ya fara.

Ga inda abin ya kai. A 2013, a wani taron masoya fim ɗin a birnin Essen na Jamus, shugabar kamfanin a lokacin, Kathleen Kennedy, ta ga aikin 'yan ƙungiyar. Daga nan aka ɗauki biyu daga cikinsu, Lee Towersey da Oliver Steeples, 'yan Ingila, su suka ƙera R2-D2 da aka gani a The Force Awakens na 2015. Wato masu asalin abin ne suka dawo suna biyan masu kwaikwayo su yi musu na gaske.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan littafinmu daga inda muka tsaya.